Rijiyar Kuza da Ƙafar Bitrus

Na ajiye babin ƙuruciyata a tsakiya na tsallako nan saboda abin da kunnena ya jiye mini ranar sunan 'yar Mubarak. Ina zaune a ƙofar gida tare da dattawan unguwa, sai na ji ɗan cikina Mubarak ɗin, mutum mai digiri da gemu, yana gaya wa abokan aikinsa wai babansa ya diro daga jirgi mai saukar ungulu da igiya a ƙugu, ya tsamo mutum bakwai daga cikin ƙasa, shi ya sa manya suka yi masa hassada suka rage masa girma. Bakwai! Lokacin da na fara jin labarin a shagon ɗinkin yayana Sale a unguwarmu Dilimi, cikin Jos, mutum huɗu ne, kuma babu jirgi. Ban san wanda ya ƙara jirgin ba. Me jirgi zai yi a kan ramin da faɗinsa bai wuce bakin randa ba? Na yi shekara ashirin da 'yan kai a sojan sama, ɓangaren ceto, kuma ina so ku sani, ku 'ya'yana da 'ya'yanku, ban taɓa tuƙa jirgi ba, ban taɓa dira a kan rijiyar kowa ba. Aikina igiya ne. Ina koya wa soja yadda zai ɗaura ta, yadda zai sauka da ita daga kan dutse, da yadda zai ɗauko wanda ya karye ba tare da ya ƙara karya shi ba. Ga yadda abin ya faru, kuma don Allah kada wani ya sake gyara mini shi.

A shekarar ina saje, ana kuma raɗe-raɗin za a ƙara mini girma kafin shekara ta fita. Aka tura mu wani sansanin horo a cikin duwatsu, ba nisa da Jos, mu horar da sababbin 'yan ceto na mako shida. Damina ta yi nisa, kullum sai an yi ruwa, duwatsun sun yi santsi, sanyin safe kuwa har cikin ƙashi. Mataimakina wani kofur ne, Bitrus, ɗan Anguwan Rukuba, siriri kamar sanda, ga taurin kai ga baki. Idan na nuna ƙulli ɗaya sai ya ce shi ya san wanda ya fi shi. Abin haushin, sau da yawa nasa ɗin ya fi. Shekararsa biyu da aure, matarsa Lami tana goyon 'yarsu ta fari, Rifkatu, kuma duk sansanin babu wanda bai gaji da ganin hoton jaririyar nan ba.

A mako na biyar horo ya koma gwajin biki. Manyan baƙi za su zo ranar rufewa, don haka muka shafe kwana da kwanaki muna ceto wani buhun yashi da aka sa wa kaki aka rataye a jikin dutse. Mu sauko da buhun, a tafa, a mayar da shi sama, mu sake saukowa da shi. Ranar da nake ba ku labari kwamandanmu ya shiga gari taron shirye-shiryen bikin, ya bar mini sansanin. Da misalin ƙarfe goma na safe, muna tsaka da ceton buhu, sai ga mata uku sun ɓullo ta bayan shingen ƙerana, ƙafafunsu duk jan laka, suna kuka suna magana a tare. Da ƙyar muka fahimci cewa rijiyar kuza ce ta rufta a bayan ƙauyensu, irin wadda ake haƙawa tsaye a kuma yi rami ta gefe a ƙarƙashi, kuma mazajensu uku suna ciki. Sun ce sun ga muna hawa dutse da igiya kullum, shi ya sa suka zo.

Na kira kwamanda, wayarsa a kashe, suna cikin taro. Na hau rediyo na samu wani ƙaramin hafsa mai tsaron ofis.

"A jira umarni," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, mutane ne a ƙarƙashin ƙasa, kuma hadari na haɗuwa."

"Saje, aikin farar hula ne wannan. Na sanar da waɗanda ya kamata. A jira."

Ban ga laifin yaron ba a yau, abin da aka koya masa ya faɗa. Amma a ranar da yana kusa da ni, da na ƙara wa kaina wani laifin. Na jira. Wannan shi ne abin da masu ba da labarina suke tsallakewa: na jira fiye da rabin sa'a, ina tsaye da rediyo a hannu kamar gunki, matan nan suna durƙushe a gabana, buhun yashi yana lilo a kan dutse a bayana. Bitrus ne ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Oga, wannan buhu ba zai mutu ba ko mun bar shi har gobe."

Na ce a kwance igiyoyin. Na ce duk wanda zai bi ni ya bi ni, wanda ba zai bi ba babu laifi, domin ba ni da izini. Mutum biyar suka shiga mota, har da Bitrus.

Wurin da muka tarar ya fi abin da na zata muni. Ƙasa ta jiƙe ta yi laushi, mutanen ƙauye sun yi cincirindo a bakin ramin, kowane taku nasu yana ƙara zubo ƙasa a kan waɗanda ke ciki. Sai da na yi musu tsawar soja kafin suka ja baya. Babu itace kusa, don haka muka ɗaura igiya ɗaya a jikin motar, ɗaya a jikin wani dutse, muka gicciya gungume biyu a bakin rijiyar. Ni na fara sauka. Na samu mutum biyu a ƙasan, ɗaya ƙasa ta binne shi zuwa ƙirji, ɗaya kafaɗarsa ta goce. Da hannu da ɗan ƙaramin shebur na tone su, aka ja su sama ɗaya bayan ɗaya. Biyu ke nan. Ku riƙe wannan lissafin, biyu. Na ukun yana cikin ramin gefe, wanda bakinsa ya ƙanƙance har kafaɗuna suka ƙi shiga. Na kira, na kira, ban ji amsa ba. Na kuma ga abin da duk mai aikin ceto ya san ma'anarsa: bangon rijiyar yana zubar da ruwa a hankali, kamar gumi. Na ba da alama aka jawo ni.

Ina fitowa na tarar Bitrus ya riga ya ɗaura ɗamara, yana gyara fitilar goshi.

"Ni zan shige, Oga. Kai ka cika ƙiba."

"Bangon na tsatsafo da ruwa, Bitrus."

"To shi ya sa za mu yi sauri."

Matar mutumin na ukun tana riƙe da ƙafar wandona, tana kallona. An fara yayyafi. Na san amsar da ta dace, na koyar da ita sau ɗari a aji: ba a tura mai rai cikin ramin da ke motsi don wanda ba ya amsawa. Na sani sarai. Na duba ƙullinsa, na ja na ga ya kama, na ce masa kalma ɗaya.

"Sauka."

Bai fi minti goma a ciki ba. Ya yi ihu cewa ya taɓa mutumin, jikinsa ya yi sanyi, ya riga ya cika. Na ce ya bar shi ya fito. Yana jan jiki da baya, rabinsa ya fito daga ramin gefen, sai bangon ya sauko. Wani dutse da ke cikin ƙasar ya danne masa ƙafar hagu daga gwiwa zuwa ƙasa. Sa'a uku muka yi kafin mu fito da shi, ni a ƙasa ina tono, ruwa yana taruwa har ƙugunmu, shi kuma yana zagina yana zagin kansa yana kiran sunan Yesu, yana kuma gaya mini cewa ba haka ake riƙe shebur ba. Da muka kai shi asibiti likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu na kwana tara, sannan suka yanke ƙafar.

Aka dakatar da ni daga aiki, aka ce in zauna a gida in jira kwamitin bincike. Wata biyun da na yi a Dilimi ina jira su ne mafiya wuya a rayuwata, kuma ba don hukuma ba, don mutanen gidanmu. Labari ya riga ni isowa. Mutane suna zuwa yi mini barka kamar na dawo daga aikin hajji. Yaya Sale ya mayar da shagonsa gidan rediyo, duk wanda ya kawo ɗinki sai ya tafi da labarin ƙanensa jarumi. Idan na ce masa akwai wanda ya rasa ƙafa, sai ya ɗaga almakashi ya ce ƙaddara ce, in daina ɓata labari mai kyau. Innarmu, Allah ya jiƙanta, kullum tambayarta ɗaya ce: wace irin hukuma ce ke hukunta wanda ya ceci rai? Na gaji da bayani har na daina fita zaure.

Ana saura mako guda a zauna, kwamanda ya kira ni ofishinsa. Ba mugun mutum ba ne, kada ku taɓa yarda wani ya ce muku ya yi mini hassada. Ya rufe ƙofa, ya cire hula, ya dube ni kamar zai mare ni.

"Isuhu, ka san wahalar da ka jefa ni? Fita ba izini, zan iya kare ka, an ceci mutum biyu. Amma tura soja cikin rami mai rushewa, wannan ba zan iya ba. Mutum huɗu sun ji yaron ya ce shi zai shiga. Ka rubuta haka, ka tsaya a nan. Gaskiya ce ai."

"Idan na tsaya a nan, ranka ya daɗe, shi fa?"

Sai ya gaya mini abin da na riga na zata. Idan da kansa ya shiga, a wurin da ba a tura shi ba, za a iya cewa ganganci ne nasa, a sallame shi haka nan. Idan kuwa na gaba da shi ne ya ba shi umarni, to rauni ne a bakin aiki, hukuma za ta ɗauki jinyarsa da ƙafar roba da duk abin da ya biyo baya, laifin kuma ya dawo kan wanda ya ba da umarnin.

Na kawo maganar gida, kuma wannan kuskure ne. Yaya Sale ya rufe shago da rana tsaka ya zo ya zauna a tsakar gida.

"Kai wane irin mutum ne? An ce ka faɗi gaskiya, ba a ce ka yi ƙarya ba. Ya ce zai shiga ko bai ce ba?"

"Ya ce, Yaya."

"To shi ke nan! Kana da 'ya'ya huɗu. Shekara nawa kana jiran ƙarin girman nan? Za ka zubar da shi saboda kalma ɗaya da babu wanda ya ji?"

Haka ne, babu wanda ya ji. Ruwa na sauka, mata na kuka, bakina kusa da kunnensa yake. Ko Bitrus kansa na tabbata ba zai faɗa ba. Ba zan ɓoye muku ba, kwana uku na yi ina ganin Yaya Sale yana da gaskiya. Har na rubuta takardar yadda kwamanda ya ce, na ninke na sa a aljihun kaki.

Ummanku ba ta sa baki ba duk tsawon wannan gardama. Kun san Rabi, ba ta jayayya a gaban yayan miji. Sai da gida ya watse, tana tsince shinkafa a faranti, ta yi tambaya ba tare da ta ɗago kai ba.

"Baban Mubarak, ka je ka ga matar yaron nan?"

Ban je ba. Tun da aka sallame shi daga asibiti ya koma gidan iyayensa ban taka ba. Na ce mata ai ta san halin da gari yake ciki, shekarun nan ne na rikici da kowa ya san unguwar da yake shiga da wadda ba ya shiga, mutumin Dilimi ba ya tashi haka kawai ya nufi Anguwan Rukuba. Ta ce to. Washegari da hantsi na neme ta na rasa. Ashe ta dafa abinci ta zuba a kula, ta yafa mayafi, ta hau keke mai ƙafa uku ta tafi ita kaɗai, tana tambayar gidan sojan da aka yanke wa ƙafa har aka nuna mata. Da ta dawo bayan azahar na hau ta da faɗa, na ce idan wani abu ya same ta fa? Ta bari na gama.

"Babu abin da ya same ni. Ruwa suka ba ni na sha. Matar tana wanke masa ciwo, 'yar tana kuka a bayanta, ita ko shekara ashirin da biyu ba ta kai ba. Ta tambaye ni abu ɗaya. Ta ce, mijinki da ya fito daga ramin, bai ga cewa ba kyau ba ne?"

"Me kika ce mata?"

"Na ce zan tambaye ka. To ga shi na tambaye ka."

Na shiga ɗaki na ciro takardar daga aljihu na yaga. Ba jarumta ba ce, haushi ne. Haushin kaina, haushin Yaya Sale, haushin Rabi da ta san daidai inda za ta taɓa, har da haushin Bitrus da bakinsa da ya ce na cika ƙiba.

A gaban kwamitin na faɗi yadda aka yi. Na ce na ga ruwa a bango, na san ma'anarsa, na duba ƙullinsa, na ba shi umarni ya sauka. Shugaban kwamitin ya sa na maimaita, ya tambaye ni ko na fahimci abin da nake jawo wa kaina. Na ce na fahimta. Aka cire mini igiya ɗaya ta muƙami na koma kofur, aka raba ni da koyarwa, aka tura ni ɗakin ajiyar kaya inda na ƙarasa shekaruna ina wanke igiyoyi ina shanya su. Yaran da na koya wa ƙullin farko suka zo suka wuce ni, ina sara musu. Yaya Sale ya yi wata shida ba ya yi mini magana, da ya huce kuma sai ya samo bayanin da ya fi masa daɗi, wai hassada aka yi mini. Makarantar da muka so mu sa 'yarmu Nafisa ba mu sa ta ba, kuma ita ta san haka, ba ta taɓa yi mini gori ba. Wannan shi ne kuɗin kalmar, kuma ban ce ya yi yawa ba, domin ni da ƙafafuna biyu nake tafiya.

Bitrus ya samu jinya da ƙafar roba. Ya buɗe shagon gyaran janareta a bakin titin unguwarsu. Ranar da na yi ƙarfin hali na je, na shirya kalaman neman gafara tun daga gida, bai bari na kai rabi ba.

"Oga, wa ya ce ka je ka faɗa musu wannan shirme? Ni na ce zan shiga."

"Ni na ce ka sauka."

"Ko ba ka ce ba zan sauka. Kai ka isa ka hana ni?"

Shekara goma sha wani abu ke nan muna wannan gardama, duk ranar Asabar ta farkon wata, a kan bencin shagonsa. Bai taɓa yarda ba, ni ma ban taɓa yarda ba. Mutumin nan ya hana ni ko da samun sauƙin a ce an yafe mini, domin a wurinsa babu abin yafewa, kuma babu abin da ya fi wannan ban haushi.

Lami kuwa daban. Shekara tara ba ta amsa gaisuwata ba. Idan na zo tana shagon, sai ta ɗauki jakarta ta shige gida. Ta haifi 'ya'ya biyu bayan haka, Rabi ta je duka sunayen, ita ma ta zo bikin Nafisa ta zauna da mata ta ci ta sha, amma ni ko kallo. Ban ga laifinta ba. A duk faɗin garin Jos ita kaɗai ce ta ɗauki abin yadda yake, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Wata Asabar, bayan na yi ritaya, na je na tarar shagon a rufe, Bitrus ya tafi asibiti a sake masa ƙafar, tsohuwar ta fara cin masa fata. Na juya zan tafi sai na ji an buɗe ƙofar gidan. Lami ce, da zani ɗaure a ƙirji, hannunta duk garin acca. Ta daɗe tana kallona, har na fara neman hanyar da zan bi in wuce.

"Oga Isuhu, ranar nan, ka ga bangon ko ba ka gani ba?"

"Na gani, Maman Rifkatu."

"Ka san zai iya faɗowa?"

"Na sani."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta share hannunta a jikin zani. Ta ce kowa ya gaya mata abin da na faɗa a gaban manya, amma ita ba a gabanta na faɗa ba, kuma ita ce ke ɗaura masa ƙafar nan kowace safiya, ba manya ba. Na ce haka ne. Na ce na yi shekara tara ina tsoron wannan tambayar fiye da yadda na ji tsoron kwamiti. Ba ta yi murmushi ba. Ta jawo wata kujerar roba daga bayan ƙofa ta dangwarar a inuwa.

"Ban ce na yafe ba," in ji ta. "Amma zauna. Ya kusa dawowa, kuma idan ya ji na bar ka ka tafi, ni zai dama da surutu."

Na zauna.